Kwalkwalin Baraden Da: Tambayoyi da Amsoshi Kan Na Asali da Na Kwaikwayo

Duk baƙon da ya shigo ɗakina, kafin mu gama gaisawa idonsa ya kai kan hulunan ƙarfe guda biyu da ke bisa kantar littattafai. Kwaikwayo ne duka biyun, don na asali sai gidajen tarihi da masu hannu da shuni. Amma daga kansu hira take ɓarkewa, kuma kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda, na amsa gwargwadon abin da na karanta, da abin da na ji a kaina lokacin da na sa su.

Wane zamani ake nufi, kuma me ya sa siffar kwalkwali ta yi ta sauyawa?

Shekaru kusan dubu ne, daga wajen shekara ta 600 zuwa ta 1600 miladiyya, a Turai da ƙasashen Musulmi da ke maƙwabtaka da ita. Ƙarshen zangon, wato ƙarni na 15 da na 16, shi Turawa ke kira zamanin Farfaɗowa, kuma a lokacin ne ƙira ta kai maƙura a Italiya da Jamus.

Mai yaƙi yana son abu uku a lokaci guda: ya tsare kansa, ya gani, ya yi numfashi. Ukun nan kuwa ba sa shan inuwa ɗaya. In ka rufe fuska ruf, ka tsira daga kibiya, amma ka koma rabin makaho, rabin kurma, kana haki. In ka buɗe ta, ka sha iska, ka ga abokin gaba, shi ma ya ga inda zai soka. Kowane kwalkwali da ka gani a gidan tarihi sulhu ne da wani maƙeri ya ƙulla tsakanin ukun nan, bisa ga makamin da ake tsoro a zamaninsa, da ƙarfin aljihun mai saye, da kuma ko a kan doki zai yi yaƙi ko a ƙasa. Da wannan ma'aunin nake auna na asali, da shi kuma nake auna na kwaikwayo.

Wanne ne ya fi tsufa a cikin waɗanda suka yi suna?

Na Sutton Hoo. A 1939 aka tono shi a yankin Suffolk, gabashin Ingila, cikin kabarin wani babban mutum da aka binne a cikin jirgin ruwa wajen shekara ta 625. Masana da yawa na kyautata zaton sarki Raedwald ne. Rufin kabarin ya rufta tun da daɗewa, don haka ba kwalkwali aka samu ba, ɗaruruwan gutsattsarin ƙarfe mai tsatsa aka kwaso. An harhaɗa su karon farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka ga ba su zauna daidai ba, aka wargaza, aka sake haɗawa daga 1970 zuwa 1971. Wannan haɗin na biyu shi ne ke Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan.

Ka tsaya ka dubi fuskar da kyau. Da farko za ka ga gira da hanci da gashin baki. Can sai idonka ya gane cewa girar fukafukai ce, hancin gangar jiki, gashin bakin kuma wutsiya: wata dabba ce mai tashi, ta nufi sama. A 1973 maƙeran gidan makaman masarautar Ingila suka ƙera kwafinsa sabo fil, mai sheƙi, kuma da wannan kwafin ne mutane suka fahimci yadda abin yake ranar da mai shi ya fara sa shi. Ga ni, wannan ne babban amfanin kwaikwayo mai kyau.

A daidai waɗannan shekarun ne aka yi yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Ya tabbata a hadisi cewa an fasa kwalkwalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kansa ranar nan. Kalmar da aka yi amfani da ita, baila, asalinta ƙwai take nufi, saboda siffar hular. Malaman sira sun kawo cewa zobba biyu na migfar, wato sulken da ke rufe kai, sun nutse a kuncinsa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ciro su da haƙoransa har biyu suka fita. Ranar buɗe Makka ma da migfar a kansa ya shiga. Ke nan hular ƙarfe da sulken kai ba baƙi ba ne a tarihin da muka taso muna ji a makarantar allo da ta zaure.

Akwai kuma na birnin York, wanda mai tuƙa motar haƙa ƙasa ya ci karo da shi a 1982 ana aikin gini. Na ƙarni na 8 ne, ya fito kusan cikakke, da labulen sulke a wuya, da sunan Oshere rubuce a jikin tagullarsa.

Da gaske mayaƙan Viking suna sa kwalkwali mai ƙaho?

A'a. Wanda ya fi shahara daga zamanin waɗannan mayaƙan teku na arewacin Turai shi ne na Gjermundbu, da aka samu a wata gona a Norwe a 1943, na ƙarni na 10. Ƙoƙo ne na ƙarfe, da wani abu kamar tabarau da ke tsare ido da hanci. Babu ƙaho ko ɗaya. Hankali ma ya ƙi: ƙaho a kan mai yaƙi mariƙi ne ga abokin gaba, kuma takobin da ya kamata ya zame ya wuce sai ya sami abin sarƙewa.

Ƙahon ya samo asali ne daga masu zane da masu wasan dandamali na ƙarni na 19, musamman kayan da aka ɗinka wa 'yan wasan waƙe a garin Bayreuth na Jamus a 1876. Akwai masu ƙaho na gaske da aka tono a Denmak a 1942, amma na tagulla ne, sun girmi Viking da shekaru fiye da 1,500, kuma alamu sun nuna na bukukuwan addini ne.

Kwalkwalin nan mai kama da bokiti, wanda ke rufe kai gaba ɗaya fa, ta ina mutum yake gani?

Kafin shi, abin da ake yayi shi ne hula mai tsini da ɗan ƙarfe ɗaya da ya sauko kan hanci. Ita ce a kan mayaƙan da aka zana da zare a ƙyallen Bayeux mai tsawon mita kusan 70, wanda ya ba da labarin yaƙin Hastings na 1066. A ciki akwai wurin da William, jagoran rundunar da ta ci Ingila a yaƙin, ya ɗage hularsa ya nuna wa mutanensa fuska, don jita-jita ta bazu cewa an kashe shi. Kun ga matsala tun daga nan: ɗan ƙarfen hanci kaɗai ya isa ya sa rundunarka ta kasa gane ka.

Daga farkon ƙarni na 13, da barade suka ƙware wajen sukuwa da dogon mashi a hammata, sai aka rufe kan gaba ɗaya. Tsaga biyu siririya ce tagar ido, ƙananan huji kuma a ƙasa don iska, kuma a da yawa daga cikinsu hujin sun fi yawa a dama, saboda ta hagu mashin abokin gaba yake zuwa. Na taɓa sa irinsa. Abin da ke gabanka kana ganinsa fiye da yadda ka zata, tunda tsagar tana dab da ido. Ƙafarka ce ba ka gani, haka wanda ya zo ta gefe. Numfashinka yana dawo maka da ɗumi, muryarka tana amsa-kuwwa, ta waje kuma kamar daga cikin rijiya. Minti goma a inuwa, gumi ya cika mini ido.

Jean de Joinville, wanda ya raka sarkin Faransa Louis na 9 yaƙin Masar, ya rubuta cewa bayan gumurzun Mansura a 1250 sai da ya sa sarkin ya cire kwalkwalinsa, ya ba shi tasa hular ƙarfen mai buɗaɗɗiyar fuska don ya sha iska. Duk wanda ya san ranar watan Afrilu a ƙasarmu ba sai an yi masa ƙarin bayani ba.

Kaɗan ne irin wannan suka rage a duniya. Na Richard Pembridge, wani barden Ingila da ya rasu a 1375, yana Edinburgh, kuma shi na fi so a cikinsu saboda tsabtar aikinsa. Na Edward, ɗan sarkin Ingila da ake yi wa laƙabi da Baƙin Yarima, wanda ya rasu a 1376, yana majami'ar Canterbury. Na asalin yana cikin gilashi, wanda ke rataye bisa kabarinsa kwafi ne da aka yi a 1954.

To kai wanne ka fi so?

In kyau ake magana, salet ɗin Jamus na wajen 1480. Daga goshi layinsa yake tashi, ya bi ta tsakar kai, ya sulale baya ya zama doguwar wutsiya da ke rufe ƙeya, kamar ruwa ne ya zubo aka daskarar da shi. Rabin fuska kawai yake rufewa. Haɓa da baki kuma wani ƙarfe ne dabam da ake ɗaurawa a wuya, wanda ni nake kira amawalin ƙarfe, don aikinsu ɗaya da amawalin rawani. Zuriyar Helmschmid ta birnin Augsburg sun ƙera waɗanda har yau ba a kamo ƙafarsu ba. Aibinsa shi ne amawalin nan yana takura numfashi, mutane kan sauke shi. Marubutan tarihin Ingila sun ruwaito cewa a watan Maris na 1461 wani basarake mai suna John Clifford ya kwance abin tsare wuyansa, kibiya ta same shi a maƙogwaro.

Amma in aka ce in zaɓi wanda zan sa in yini da shi, malafar ƙarfe zan ɗauka, irin wadda Joinville ya ara wa sarkinsa. Siffarta ta malafarmu ce sak: ƙoƙo da baki mai faɗi. Ta dakaru ce, ta talaka, ba ta da tsada. Tana tare sara daga sama, da dutse da kibiyar da ake zubowa daga kan ganuwa, tana tare rana, ga ido da kunne da hanci duka a sake. Ta yi shekaru ɗaruruwa ana sa ta, aka manta da ita, sai ga ta ta dawo a 1915 a kan sojan Birtaniya da ke cikin ramuka, lokacin da ɓaraguzan bam ke zubo musu daga sama. Hular sojan Jamus ta 1916 kuma duk wanda ya dube ta ya ga jinin salet. Ina girmama abin da aka ƙera don mutumin da ba wanda zai rubuta sunansa, kuma ya yi masa aiki.

Akwai kuma barbut na Italiya, ƙarfe ɗaya tilo da aka buga ya sauko har kunci, aka bar wa ido da hanci da baki kafa. Yana kama da na tsoffin Girkawa. Shi ne ɗaya daga cikin biyun da ke ɗakina.

Mai dogon baki kamar na kare, ba'a ce ko dabara?

Dabara ce tsantsa. Sunansa basinet, ya mamaye ƙarni na 14 har zuwa yaƙin Agincourt na 1415. Da can ƙaramar hula ce da ake sawa ƙarƙashin bokitin nan, sai barade suka ga gara a yi mata murfin fuska a huta da bokitin. Tsinin bakin yana sa mashi ya zame, kuma yana barin fili gaban hanci, iska ta sami wurin zagayawa. Tsinin saman kai ma haka, sara ba ya samun wurin zama. A gefen hular akwai ƙananan zobba da ake zura igiya a ciki a rataye labulen sulke, ya rufe wuya da kafaɗa.

Mafi kyawunsu sun fito ne daga gidan sarautar Churburg da ke tsaunukan arewacin Italiya, inda zuriya ɗaya ta adana makaman kakanninta ƙarni bayan ƙarni. Guda daga can, mai bakin tagulla, yana gidan tarihin makamai na Leeds. Archibald Lyle ne ya bayar da shi kyauta don tunawa da 'ya'yansa biyu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ban taɓa ganin hotonsa ban tuna da wannan uban ba.

Kibiya tana huda kwalkwali?

Ya danganta da ƙarfen, da nisa, da kusurwar da ta faɗa. Binciken da aka yi wa ƙarafan na asali ya nuna ba ɗaya suke ba: wasu baƙin ƙarfe ne mai laushi, wasu kuma, musamman na Milan da Augsburg da Innsbruck, ƙarfe ne mai tauri, wani ma an gasa shi an tsoma ya ƙara ƙarfi. Mai kyau, kibiya takan zame ko ta karye a goshinsa. Inda ake jin tsoro shi ne tagar ido, da gefe inda ƙarfen ya fi siranta, da lokacin da mutum ya ɗage murfi.

A yaƙin Shrewsbury na 1403 kibiya ta sami yarima Henry, wanda daga baya ya zama sarkin Ingila Henry na 5, a gefen hanci, yana ɗan shekara 16. Ta nutse inci 6. An zare sandar, kan ya maƙale a ƙashi. Likita John Bradmore ya riƙa faɗaɗa ramin a hankali da tsinke da aka naɗe da ƙyalle aka tsoma a zuma, sannan ya ƙera wani siririn awartaki mai noti a tsakiya, ya zura, ya murɗa har ya kama kan kibiyar ya fito da shi. Yaron ya rayu. Su kuwa mutum kusan 40 da aka tono daga kabari ɗaya a Towton a 1996, waɗanda suka mutu a yaƙin da aka yi a wurin a 1461, yawancin raunukansu a ka suke, wasu sara bisa sara. Ana kyautata zaton hulunan ba sa kansu a lokacin, ko sun yar da su suna gudu, ko an tuɓe musu.

Ƙasashen Musulmi fa? Mu fa?

Kwalkwalin rawani na ƙarni na 15, na Usmaniyya da daular Ak Koyunlu ta gabashin Turkiyya da Iran, yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ƙerawa. Babba ne, mai tumbi, an yi masa ƙwarya-ƙwarya masu murɗewa kamar naɗin rawani, ya tsuke sama. An gutsure wa ido wuri a bakinsa, ƙarfen hanci yana hawa yana sauka yadda mai shi ya so, sulke ya rufe sauran fuskar. Jikinsa rubutun Larabci ne da azurfa, addu'o'i da kirarin sarki. Da yawa suna ɗauke da tambarin rumbun makaman Usmaniyya da ke Aya Irini a Istanbul. Na sarkin Masar Barsbay, wanda ya yi mulki daga 1422 zuwa 1438, yana gidan tarihin Louvre a Faris.

Ba Turai ce kullum ke koyarwa ba. Hular Usmaniyya da ake kira cicak, mai baki a goshi da ƙarfen hanci da marufin kunci da na ƙeya, mutanen Hangari da Folan da Jamus sun kwaikwaye ta, har ta isa kan mahayan Ingila a yaƙin basasarsu na shekarun 1640.

A wajenmu, littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar rayukan da aka yi a yaƙin Umbatu. Zamani ɗaya ke nan da mai bakin karen nan na Turai. In hawan Sallah ya zo, ka dubi 'yan lifidi da 'yan sulke a Kano ko Katsina ko Zazzau, ka dubi kwalkwalinsu mai gashin jimina a ka. Su ma sulhun nan suka yi da zafi: sun bar fuska a buɗe, sun dogara da auduga da ƙyalle mai kauri.

Mene ne armet, kuma me ya sa na wasan mashi ya fi nauyi?

Armet yana bin siffar kai da wuya ɗaf, don haka ba ya zurawa ta sama. Kuncinsa biyu ne ke buɗewa kamar ƙyaure, ka sa kai, a rufe a haɓa, a sauke murfi. Na yaƙi yawanci kilo 2 ne zuwa 3 da ɗoriya.

Na wasa kuwa, mai bakin kwaɗo, yakan kai kilo 8 zuwa 10, kuma da noti ake ɗaure shi a ƙarfen ƙirji da na baya, nauyin ya sauka a kafaɗa. Ba a juya kai a cikinsa, ba a ma buƙata: abokin karawa ɗaya ne, ta hanya ɗaya zai zo. Leɓen ƙasa ya zarce na sama don kada tsinken mashi ya shiga ido. Duk da irin wannan tanadi wasan bai daina cin rai ba. Ranar 30 ga Yuni 1559 sarkin Faransa Henri na 2 ya kara da Gabriel de Montgomery a bikin sulhu da Sifen da auren 'yarsa. Mashin ya karye, tsinke ya shige ta murfin fuska ya soki ido. Ya rasu ranar 10 ga Yuli.

Waɗannan masu ado kamar kayan sarauta, an yi yaƙi da su?

Yawancinsu na hawa ne da shiga gari, kamar yadda ba a zuwa gona da alkyabba. Sarkin wannan fanni Filippo Negroli ne na Milan. Ƙarfe mai tauri yake bugawa ta ciki har siffa ta taso ta waje, aikin da ko a azurfa mai laushi wuya gare shi. Wanda ya sa wa hannu a 1543 yana gidan tarihin Metropolitan a New York: zankon hular 'yar ruwa ce kwance, ta miƙa hannu ta riƙe gashin wani kai da ke goshi. Wani kuma da ya yi wa mai mulkin Urbino a 1532, gashi ne nannaɗe na ƙarfe har da kunnuwa, ka ce kan mutum ne.

Mai ƙahon rago da tabarau da ke Leeds, Konrad Seusenhofer na Innsbruck ne ya ƙera shi, sarki Maximilian na 1 ya aika wa sarkin Ingila Henry na 8 kyauta a 1514 tare da cikakken sulke, wanda sauransa ya ɓace. An zana masa har tsiron gemu da tamojin gefen ido. Ina jinjina wa hannun da ya yi shi, amma zuciyata ba ta wajensa. Na fi son ƙarfen da aka ƙera don ya tsare rai.

Wanda masu gadin Fafaroma ke sawa fa?

Moriyon ne, na ƙarni na 16, mai zanko kamar na zakara da baki mai lanƙwasa gaba da baya. Hular 'yan bindiga da masu dogon mashi ce, don mai auna bindiga dole fuskarsa ta kasance a sake. Tun 2019 na masu gadin ba ƙarfe ba ne, roba ce da na'ura ke fitarwa, gram 570 maimakon kilo 2, kuma ba ta ɗaukar zafin rana.

Ina ake ganin na asali?

Leeds da Wallace Collection a Ingila, Biyana da Graz a Austiriya, gidan tarihin soja na Faris da na Istanbul, rumbun makaman sarauta na Madrid, da Metropolitan. Na Graz dabam yake: rumbun makamai ne na gaske tun ƙarni na 17, da kaya wajen 32,000 jere a kan katako, na sojan gama-gari. Wanda bai sami zuwa ba, da yawa daga cikin gidajen nan sun sa hotuna a intanet tare da awo da nauyi, kyauta.

Ina so in sayi na kwaikwayo. Yaya zan gane mai kyau?

Bari in faɗi abin da ya same ni. Na farkon da na saya basinet ne, daga wani kanti a intanet, hoto kawai na gani. Na jira kusan wata biyu. Da na buɗe kwalin na sa shi, sai tagar idon ta tsaya a goshina, bakin ya sauko ƙasa da haɓa, hular tana juyi a kaina kamar an kifa tukunya a kan turmi. A ciki soso ne aka manna da gam. A tsakar kai ga layin walda nan ya yi tudu, an goge shi sama-sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na daɗe ina tara kuɗin. Wanda ya ƙera shi hoton kwalkwali ya kwaikwaya, bai taɓa tunanin kan mutum zai shiga ciki ba.

Baduku ne da tela suka cece ni. Badukun ya kafa zoben fata a ciki da ƙusoshi, telan ya ɗinka hula mai auduga, layi-layi irin ɗinkin lifidi, da zariya a sama da ake ja a tsuke. Muka ɗinke ta a jikin fatar. Da na sake sawa, kaina bai taɓa ƙarfen ba, ya zauna a kan ƙyallen kamar tulu a kan gammo, idona ya zo daidai taga. Daga baya na gane haka na asali suke: ƙusoshin da ka gani jere a jikinsu ba ado ba ne, su ke riƙe da wannan fatar.

Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa wane kwalkwali na asali ya kwaikwaya, a wane gidan tarihi yake, sannan ka nemo hoton ka jera su, musamman ta gefe, don ta nan ƙarya take fitowa. Na da matsattsu ne, suna bin kai. Na kasuwa sukan yi girma don su shiga kowa. Ka nemi hoton ciki. Maƙeri na gaske zai tambaye ka kewayen kanka da hular auduga a kai, da nisan ido zuwa haɓa, da faɗin kai daga kunne zuwa kunne. Wanda bai tambayi komai ba, kayan ado yake sayarwa, in kuwa ado kake so babu laifi, ka dai san abin da ka saya. Masu araha yawanci daga Indiya suke zuwa. Na aikin hannu da ake yi da awon mutum sun fi yawa a Yukren da Folan da Cek, da ɗaiɗaikun maƙera a Ingila da Amurka, kuma jiransu yakan ɗauki watanni.

Me ake nufi da geji 18 ko 14?

Kaurin ƙarfe ne, kuma lamba tana raguwa kauri yana ƙaruwa. Geji 18 wajen milimita 1.2 ne, na ajiya da fareti. Geji 16 wajen 1.5, geji 14 wajen 2. Masu wasan dambatawa da makamai marasa kaifi, irin gasar da aka fara a garin Khotyn na Yukren a 2010, sukan sa mai 2.5 ko fiye, har ya zarce na asali nauyi. Na asali ba kauri ɗaya gare shi ba: maƙerin yakan bar nama a goshi da tsakar kai, ya rage a gefe da ƙeya. Falle na masana'anta bai san wannan ba.

Zan iya hawa babur da shi?

Kada ka kuskura. Hular kwano tana da soso mai tauri a ciki da ke murƙushewa ya shanye bugu. Kwalkwali an yi shi don kaifi da tsini, in ka faɗi a kwalta duk ƙarfin bugun zai wuce kai da wuya.

Akwai jabu a cikin waɗanda ake cewa na asali ne?

Da yawa. A ƙarni na 19 attajiran Ingila sun shiga yayin cika gidajensu da kayan barade, sai wani dillali a Landan, Samuel Pratt, ya riƙa sayar musu da waɗanda maƙeri Thomas Grimshaw ke ƙera masa, a tsufar da su, a haɗa musu labarin majami'ar da aka ce an samo su. Wasu sun shiga manyan gidajen tarihi kafin asiri ya tonu. Abin da ya tona su kuwa shi ne abin da ya tona nawa: ba za su sawu a kan mai rai ba. Bambancin jabu da kwaikwayo niyya ce, ɗaya ya gaya maka gaskiya, ɗaya ya ɓoye.

Maƙerinmu na gida zai iya ƙera shi?

Zai iya, in ya sami hoto mai kyau da awo da wanda zai biya shi kwanakinsa. Hanyar sauƙi ita ce a buga rabi biyu a haɗa da walda. Hanyar da kuwa, falle ɗaya ake sawa a wuta, a riƙa bugunsa a kan ƙarfe mai zagayayyen kai, zagaye bayan zagaye, yana tsukewa yana tashi har ya zama ƙoƙo. Maƙeran fari masu buga tasa da masu aikin tagulla na Bida sun san wannan hannun, haka masu gyaran jikin mota sun san yadda falle ke tafiya ƙarƙashin guduma. A fara da malafar ƙarfe ko mai ƙarfen hanci. Mai murfi a bari sai hannu ya faɗa.

Yaya zan kare shi daga tsatsa?

Yatsa ne babban abokin gabarsa. Da damina, in ka taɓa shi da hannu mai gumi ka bari, kwana ɗaya ko biyu za ka ga zanen yatsanka ya fito ja. Duk lokacin da aka taɓa, ka goge da busasshen ƙyalle, ka shafa man keken ɗinki kaɗan. Da hunturu kuma man yana kama ƙura ya zama dauɗa, don haka na fi son kakin zuma: a shafa siriri, a bari ya sha iska, a goge. Kada ka ƙulle shi a leda, tana tara raɓa. Hular audugar ka cire ta ka shanya bayan kowane sawa, fatar kuma ɗan man kaɗe ya ishe ta. In tsatsa ta fara, mai da lallausan soson ƙarfe za ka sa, ka bi layi ɗaya, ban da samfefa mai kaushi.

Wannan duka na kwaikwayo ne. In wani tsohon kwalkwali ko sulke na gado ne a gidanku, irin na kakanni da ake fitowa da shi ranar hawa, kada ka goge shi don ya yi ƙyalli. Baƙin da ke jikinsa yana tsare ƙarfen, kuma tambarin maƙeri ko rubutu na iya kasancewa a ƙarƙashinsa. Ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi, ka ajiye shi nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ka ɗauki hotonsa ciki da waje, sannan ka zauna da dattijon gidan ka rubuta wa ya sa shi, a wane hawa ko wane yaƙi.